Ciwon Da Yaƙi Ke Bari A Zuciya, Da Yadda Ake Jinyarsa

  

Jama'a, mun saba haɗuwa a kan maganar burtali da mashaya, da allurar dabbobi, da tsadar dussa da harawa, da kuɗin da ake karɓa a kan hanya. Yau kuwa maganar shi mai garken za mu yi. Za mu yi magana a kan ciwon da yaƙi ke bari a zuciyar wanda bai taɓa ɗaukar bindiga ba, da yadda masana ke jinyarsa, da kuma rabon aikin da ya faɗo a kanmu. Jahar Diffa ta ƙasar Nijar za mu ɗauka ta zame mana misali, domin abin da ya auku can kowa a nan ya ji labarinsa, wasu kuwa da idonsu suka gani.

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Bosso da garin Diffa, kuma cikin wannan wata gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jahar. Ranar 25 ga Afrilu aka kai hari tsibirin Karamga, aka kashe sojoji da fararen hula da dama. Bayan haka hukuma ta ba da umurnin kowa ya fita daga tsibiran tafkin Cadi cikin ƴan kwanaki. Mutum fiye da 20,000 suka fito, da yawa a ƙasa suka tako zuwa Ngigmi cikin tsananin zafin bazara, wasu suka bar dabbobinsu a baya. Ranar 3 ga Yuni 2016 aka sake afka wa Bosso, mutane wajen 50,000 suka gudu, suka zube a Tumur da Kinjandi da Garin Wanzam da gefen babbar hanyar kwalta. A watan Yuli 2017 aka kashe mutum 9 a Ngalewa, aka tafi da mata da yara fiye da 30. A watan Disamba 2020 aka ƙone gidaje da kasuwa a Tumur, mutum aƙalla 27 suka rasu. A tsakanin waɗannan manyan hare-hare kuma ga satar mutane don neman fansa, wadda sau da yawa garke ne ke biyanta.

Ku da kuke kiwo kun san abin da tafkin Cadi da kogin Komadugu suke ga makiyayi. Can ake gangarawa da rani sa'ad da ciyawar tudu ta ƙare. Can ne gidan shanun Kuri masu kaurin ƙaho, masu iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Da aka rufe wurin, sai makiyayi ya rasa na zaɓe: ko ya shiga ya biya masu bindiga haraji, hukuma kuma ta zarge shi, ko ya tsaya tudu inda rijiyoyi suka yi wa dabbobi kaɗan. Fatake ma ba su tsira ba. An rufe wasu kasuwanni, an hana hawan babur, an hana cinikin kifi da tattasai na wani lokaci, hanyar Maiduguri ta zama abin tsoro, ga darajar naira ta faɗi a 2016 ta ja farashin dabba ƙasa.

Wanda ba makiyayi ba, in ya ji an ce an kwashe wa wani shanu hamsin, lissafin kuɗi zai yi. Mu mun san abin ya wuce nan. Kowace saniya da sunanta, an san uwarta, an san kakarta. Wata tun ranar suna aka ba yaro ita, wata ta sadaki ce, wata gadon uba ce. Mutumin da tun yana ɗan shekara bakwai bai taɓa wayewar gari ba tare da aikin garke ba, yau ga shi zaune ƙarƙashin tanti yana jiran ranar rabon hatsi. Matar da ta saba tatsa, ta kaɗa, ta ɗauki ƙwarya zuwa gari ta sayar da nono da man shanu, ta komo da kuɗinta na kanta da labarin duniya, yau ba ƙwarya, ba tafiya, ba kuɗi. Wannan zaman banza na dole yana cin mutum kamar yadda tunanin harin ke cinsa.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a ƙasashenmu aka fi sani da OMS, ta fitar da ƙiyasi bayan ta tattara bincike daga ƙasashe masu yawa. Ta ce a wuraren da aka yi yaƙi cikin shekaru 10 da suka wuce, kimanin mutum 1 cikin 5 yana fama da wani ciwo na zuciya ko na ƙwaƙwalwa, kamar baƙin ciki mai nauyi, ko fargaba marar yankewa, ko firgicin da ke biyo bayan bala'i. Kimanin 1 cikin 11 kuwa ciwon nasa matsakaici ne ko mai tsanani. Ku auna da rugar da ke da manya 50: wajen 10 ke nan, 4 ko 5 a cikinsu suna bukatar taimako na gaske.

Amma ku lura da ɗaya gefen lissafin. Mutum 4 cikin 5 ba su kamu da ciwo ba, ko da yake sun yi kuka, sun yi juyayi, sun kwana ba barci. Kuka da tsoro bayan bala'i ba hauka ba ne, halin ɗan Adam ne. Yawancin mutane suna farfaɗowa da kansu cikin makonni ko watanni, muddin sun sami wurin kwana lafiya, da abinci, da ƴan uwa a kusa. Abin dubawa shi ne wanda kwanaki suka tafi amma shi bai tafi tare da su ba.

To, yaya za a gane shi? Ai ku ne gwanaye. Makiyayi yakan tsaya da safe ya dubi shanu ɗari, ya ce waccan ba ta da lafiya, tun ba ta kwanta ba. Ya ga ta ware daga garke, ta bar tuƙa, kunnenta ya sauka, tana zuwa ƙarshe a mashaya. Wannan idon ne muke roƙo a juyo da shi kan mutane. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ga mutumin da ya bar zama majalisa, ya bar zuwa kasuwa, ya bar cin abinci sosai. Ga wanda ke zabura cikin dare yana ihu, mafarki ɗaya na maimaita masa kansa. Ga wanda ƙarar babur ko faɗuwar kwano ke sa jikinsa rawa, ko ya ƙi bin wata hanya ko kaɗan. Ga mai haƙurin da ya koma mai saurin hannu a kan matarsa da ƴaƴansa. Ga uwar da ta bar kula da jaririnta. Yara kuwa nasu daban ne: wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, wani ya manne wa uwarsa ba ya sakinta, wani ya yi shiru kamar an ɗinke bakinsa, wasu wasansu kullum na bindiga da yanka ne. Da yawa kuma ba za su taɓa cewa zuciyarsu ce ke ciwo ba. Za su ce kai ke sara, ƙirji ya yi nauyi, jiki ya mutu, ciki na zafi. A je likita a auna ba a ga kome ba, a sayi ƙwayoyi a kasuwa, a sayar da akuya a sake saye, ciwo na nan.

Dattawa, a nan sai mun taɓa wani abu mai daraja a wurinmu. An rene mu a kan filako, a kan kunya da haƙuri da kamun kai. Namiji ba ya kuka a gaban mutane, uwa ba ta ambaton sunan ɗan farinta, balle ta yi ta faɗin zafin rashinsa. Wannan tarbiyya ita ta ratsa da kakanninmu farin 1973 da na 1984, kuma ba wanda ya ce a yar da ita. Gaskiya ne ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma waɗanda suka yi wannan karin magana su ne suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Wanda sa ya soke shi a cinya ba ya rufe raunin da zane don filako har ya ruɓe. Yakan nemi mutum ɗaya da ya yarda da shi, a keɓe, ya buɗe masa. Abin da masu jinyar zuciya ke nema ke nan, ba su ce a tsaya tsakiyar tike a yi shela ba.

Mene ne wannan jinya, kuma wa ke yinta? A shekarar 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan ƙungiyoyin agaji suka amince da tsari ɗaya na kula da lafiyar zuciya a lokacin yaƙi da bala'i. Sun kasa taimakon hawa huɗu, ƙasa da faɗi, sama da tsini, kamar jinkar ɗaki. Hawa na farko na kowa da kowa ne: tsaro, abinci, ruwa, wurin kwana, a ba da su cikin mutunci. Hawa na biyu shi ne dangi da jama'a: a haɗa waɗanda suka rabu, a yi wa mamaci addu'a da zaman makoki yadda aka saba, yara su koma karatu da wasa, manya su sami abin yi. Hawa na uku na waɗanda wannan bai ishe su ba, sai wanda aka horar ya zauna da su, ko da shi ba likita ba ne. Hawa na huɗu, can ƙololuwa, na ƴan kaɗan ne masu bukatar likitan ƙwaƙwalwa da magani. Kun ga ashe mafi yawan aikin yana ƙasa, inda muke. A shekarun da rikicin Diffa ya yi tsanani, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ajiye masu sauraron mutane a wuraren ƴan gudun hijira, hukumar UNICEF da abokan aikinta kuma suka buɗe wa yara wuraren wasa. Sun yi aiki, amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasashenmu ƙalilan ne, galibinsu a manyan birane suke.

Ga wanda bala'i ya faɗa wa yanzu-yanzu, akwai abin da ake kira agajin farko na zuciya, wanda OMS da abokanta suka wallafa littafinsa a 2011. Kalma uku ce: duba, saurara, sada. Ka duba ko wurin lafiya, wa ya ji rauni, wa ya fi ruɗewa. Ka matsa kusa cikin natsuwa, ka tambaye shi abin da yake bukata, ka saurara in yana son magana, ka zauna tare da shi shiru in ba ya so. Sa'an nan ka sada shi da danginsa, da ruwa da abinci, da labari na gaskiya game da abin da ke gudana. Kada a matsa wa mutum sai ya ba da labarin abin da ya gani. A da ana tara mutane nan take a sa kowa ya zayyana abin da ya same shi, amma bincike ya nuna wannan ba ya hana ciwo, OMS ma ta ce a bari.

Ga wanda damuwa ta daɗe tare da shi, a 2016 OMS ta fitar da wani tsari mai suna PM+, bayan an gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya. Zama 5 ne, sau ɗaya a mako, kowane zama awa ɗaya da rabi, kuma mutumin gari da aka horar shi ke gudanar da shi a ƙarƙashin kulawar masani. Abu huɗu ake koya. Na farko, kwantar da jiki ta hanyar numfashi a hankali daga ciki, a ja ana ƙirga uku, a saki ana ƙirga uku, na ƴan mintoci kowace rana. Na biyu, warware matsala: a jera damuwoyi, a ware waɗanda ke da mafita daga waɗanda ba su da ita, a kama ƙarama guda, a tsara matakin da za a ɗauka kafin mako ya zagayo. Na uku, komawa ga aiki kaɗan-kaɗan ko da zuciya ba ta so, domin zama wuri ɗaya shi ke ciyar da baƙin ciki. Yau a tuƙa igiya, gobe a raka yaro mashaya, jibi a leƙa kasuwa. Na huɗu, ƙarfafa zumunci, a nemi mutum ɗaya ko biyu da za a riƙa zama da su.

Kada ku ce sai mai takardar boko zai iya. A Zimbabuwe, tun 2006 wani likita mai suna Dixon Chibanda ya fara horar da tsofaffin mata a Harare. Suna zama a kan benci a harabar gidan likita, mai damuwa ya zo su zauna har sau 6. Mutanen can suna kiran ciwon da suna mai ma'anar yawan tunani. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da tsofaffin nan sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Iyayenmu mata, wace ruga ce ba ta da irin wannan tsohuwa, wadda ake kai wa ƙara, wadda bakinta ke riƙe asiri? Horo kaɗai ya rage mata.

Akwai kuma abubuwan da ke ƙara wa ciwon nan ƙarfi. Babbansu ƙwaya. Tiramol da diyazefam da ake sayarwa a faranti a kasuwanninmu suna ba da barcin dare ɗaya, su karɓi na shekara. Tun 2013 OMS ta yi gargaɗi kada a ba wanda ya firgita irin su diyazefam a watan farko don kwantar da firgici ko kawo barci, domin suna iya jinkirta warkewa, jiki kuma ya saba da su. Fatake da direbobin manyan motoci, kun fi kowa sanin yadda yaran da ke kora dabbobi suke haɗiyar waɗannan abubuwa. Yaron da aka kashe ubansa a gabansa, in ya fara, ba don gajiyar hanya kaɗai yake sha ba. Sai kuma ɗaure mutum da mari ko dukansa, da kiransa mahaukaci, da gudun macen da ta kuɓuto daga hannun masu bindiga ana laƙaba wa ɗanta suna. Ita ba ta zaɓi abin da ya same ta ba, jaririn kuwa bai san kome ba.

Ga alamun da in an gan su ba a jira, sai gidan likita. Wanda ya bar ci da sha ɗungum. Wanda ke jin muryoyi ko ganin abin da ba kowa ke gani ba, ko ya rasa gane mutanensa. Wanda ya zama haɗari ga iyalinsa. Da wanda ke cewa gara ya mutu, ko ya fara rabon kayansa yana sallama. Wannan na ƙarshe a tambaye shi kai tsaye, cikin taushin murya, ko yana tunanin kashe kansa. Masana sun tabbatar tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya amsa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da wuƙa da igiya da maganin ƙwari da na kaska daga kusa da shi, a kai shi likita. Macen da aka yi wa fyaɗe kuwa a gaggauta kai ta cikin awa 72, wato kwana uku, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga cutar sida ke aiki, kuma a rufa mata asiri. Ko kwanakin sun wuce a kai ta, akwai sauran taimako. Malamanmu da ake fara kai wa irin waɗannan mutane, muna roƙonku: ku yi addu'a, ku kwantar da hankali, sa'an nan ku ce a wuce likita. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Yanzu ga maganin da ke hannunmu tun kaka da kakanni, wato habbanaye. Mai shanu ya ba wanda ya rasa aron karsana, ta haihu a hannunsa sau biyu ko uku, ya riƙe ƴaƴan, ya mai da uwar. Ƙungiyoyin agaji a Nijar sun ari wannan al'ada suna yi da awaki. Ku dubi abin da ke cikinta da idon mai jinyar zuciya. Mutum ya sami dalilin tashi da asuba. Matarsa ta sami abin tatsa. Yaro ya sami abin kora. Mai aron yana zuwa duba dabbarsa, zumunci ya ɗore. Kuma wanda aka ba ya san an yarda da shi, ba sadaka aka jefa masa ba. Komawa ga aiki da ƙarfafa zumunci da masana suka rubuta a littafi, ga su nan a ɗaure da igiya ɗaya. Karsana ba za ta kori mugun mafarki ba, wannan sai zama da mai horo. Amma mai horon ma aikinsa ya fi kamawa ga mutumin da ke da abin kiwo.

Matsalar da ta rage ita ce, taimako na zaune wuri ɗaya, makiyayi kuwa yana tafe. Zama 5 a mako 5 abu ne mai sauƙi ga mazaunin sansani, mai wuya ga wanda ciyawa ke ja. Saboda haka ga abin da muke nema daga hukumomin lafiya da ƙungiyoyin agaji. A horar da mutanenmu, mace da namiji daga kowane rukunin rugage, waɗanda za su yi ƙaura tare da jama'arsu. A yi aikin da harshen da mutum ke mafarki da shi, Fulatanci ko Barbarci ko Larabci ko Buduma ko Tubanci ko Hausa, domin ba a faɗin ciwon zuciya ta bakin tafinta ɗan unguwa. A ajiye mai sauraro a keɓaɓɓen wuri ranar kasuwar dabbobi. A haɗa shi da masu allurar shanu in za su fita daji. An yi irin wannan a Cadi tun farkon shekarun 2000, inda ma'aikatan lafiyar mutane da na dabbobi suka riƙa fita tare suna yi wa yaran makiyaya da garkensu rigakafi a zuwa ɗaya.

Mu kuma ga namu. Kowane ardo, in ya koma, ya zauna da dattawa mata da maza su lissafa a asirce waɗanda suka ware daga jama'a tun bayan abin da ya faru, a sa wa kowane ɗaya mutumin da zai riƙa leƙa shi. Sarakunan tike da dillalai, ku da kuke ganin kowa mako-mako, in wanda ya saba zuwa ya ɗauke ƙafa, ku aika a tambaya. Masu hali, kowa ya ware karsana ko tunkiya guda ta habbanaye kafin damina. Wanda aka ba amanar magana ya riƙe ta, domin asiri ɗaya in ya fita, mutum goma za su rufe bakinsu. Masu sauraron kuma su riƙa haɗuwa suna sauke wa juna nauyi, don mai ɗaukar kayan wani shi ma wuyansa na gajiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya komo da waɗanda ke hannun masu bindiga, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na jiki da na zuciya. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya albarkaci garke, ya kai kowa gida lafiya.